Kaurar Gidan Barmo

Idan aka sato iri aka shuka, Allah Ya saukar da ruwa, gona ta yi kyau, hatsin nan na waye? Na mai irin ne, ko na mai gonar, ko na wanda ya sunkuya ya nome? In kuma yara ƙanana ne suka ci tuwon, su da ba su san hawa ba su san sauka ba, me suka ci? Na daɗe ina juya wannan tambaya a raina. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba, na tashi zuciyata ba ta kwanta ba. Ba zan yi muku ƙarya in ce ina da amsa ba. Labari nake da shi. Ku gyara zama ku saurara.

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani ƙauye can a zamanin da ya shuɗe, ana ce masa Nomau. Ba malami ba ne, ba mai dukiya ba ne, ba kuma wanda ake jiran ya yi magana a taro ba ne. Manomi ne kawai. Yana da mata, Tabawa, da 'ya'ya ƙanana, da ƙane guda mai zafin kai, sunansa Jatau.

Tsakanin ƙauyensu da wani ƙauye, rafi ne kawai. A da kasuwarsu ɗaya. In ana gayya a tsallake, da an ji ganga sai a saɓi fartanya a tafi. Sai rigima ta tashi a kan fadama: kakan wa ya fara sare ta, iyakar wa ta matsa. Magana ta zama zagi, zagi ya zama sanda, sanda ta zama wuta. Kuma bayan kaka ne, jama'a, rumbuna cike. Waɗannan suka ƙone na waɗancan, waɗancan suka ƙone na waɗannan. Aka rasa rayuka ta nan, aka rasa ta can. Kowa ya kwashi iyalinsa ya yi ta kansa.

Damina guda suka yi a garuruwan mutane, suna raɓe a zaurukan dangi. Ɗan irin da wasu suka tsira da shi a ƙullin zane, yunwa ta sa aka daka aka dama wa yara. Kun san manomi ba ya cin irinsa sai ya ga mutuwa da idonsa. To, sun gan ta.

Da manya suka shiga tsakani aka yi sulhu, sai aka dawo da bazara. Sulhu ne irin wanda ake yi da baki, ido bai yarda ba. Kowa ya tarar da kangonsa, ya share toka, ya kafa bukka. Gonaki na nan, ba wanda ya ɗauke su. Fartanya ma maƙeri ya gyara. Abin da babu shi ne iri. Akwai dawa a kasuwa mai nisa, ta fatake, amma tsofaffi suka ce dawar ƙasar da ruwa ke daɗewa ce, in ka shuka ta a nan kara za ta yi ta yi, kafin ta fitar da kai ruwa ya ɗauke.

Ku dubi wannan hali. Tun da aka haifi Nomau, in ya ga hadari ya haɗu a gabas murna yake yi. Wannan shekara, in ya ɗaga kai ya ga gari ya yi baƙi sai gabansa ya faɗi. Manomi yana tsoron ruwa! Don ya san ranar da ruwan shuka ya sauka, ƙasa za ta buɗe baki, shi kuwa ba abin da zai sa mata.

Wata safiya Jatau ya zo ya ja hannun rigarsa.

"Yaya, zo ka ga wani abu. Kada ka yi magana."

Ya kai shi kangon ɗakinsa, ya kawar da wani guntun bango, ya tona. Sai ga randa, an liƙe bakinta da laka. Ya fasa liƙin, ya ture tokar da ke sama. Zangarniyar dawa ce cike, zaɓaɓɓiya, ko ƙwaro ɗaya bai taɓa ta ba.

"Ka gani?" in ji Jatau, yana dariya ƙasa-ƙasa. "Kana ta kallon sama kamar an ce maka iri zai faɗo. Ga shi a ƙasa."

Nomau ya durƙusa ya ɗauki ɗauri ɗaya. Dawa kaura ce mai lanƙwasasshen wuya, an ɗaure ta da kaba, an saƙala baƙin zare a ƙullin. A duk yankin gida ɗaya ne ke ɗaure irinsa haka, gidan wani dattijo a tsallaken rafi, Barmo. Nomau ya sha zuwa masa gayyar girbi. Ya sha ganin tsohon yana bin gona kafin a sare, yana duba kai ɗaya-ɗaya, yana cire na iri da hannunsa, ba ya barin kowa ya taya shi.

"Jatau, wannan ta gidan Baba Barmo ce."

"A da ke nan."

"Ina ka same ta?"

"Ranar da aka shiga garinsu. Rumbun na ci da wuta, na ga wannan rataye, na fizgo. Da na bar ta da yanzu toka ce. Ceto na yi, Yaya, ba sata ba."

"Wa ya sa wa rumbun wuta?"

Jatau ya kau da kai. "Mu namu wa ya sa masa? Aljanu?"

Nomau ya mayar da ɗaurin. Ya auna randar da ido: in aka sussuka, za ta shuka gona ɗaya, ba ta kai biyu ba.

Da ya gaya wa Tabawa, tana tsinkar ganyen tafasa a faifai, abin da za a ci ke nan ranar. Ta ɗaga hannu sama ta ce, "Alhamdu lillahi!" Sai ta ga fuskarsa.

"Malam, mene ne kuma?"

"Ba tamu ba ce."

"To ta wa ce? Ta mutanen da suka ƙone mana gado da tabarma? Sai mu ce mun rama kaɗan."

"Ba Baba Barmo ya ƙone mana ba."

"Ka gani da idonka? Ka tsaya ka ƙirga su?" Ta ajiye faifan. "Dubi wuyan yaran nan. Dube shi da kyau. In ka shuka, in Allah Ya ba mu, ka kai masa dami goma, ka kai masa ashirin, wa ya hana ka?"

Ku saurara, jama'a, maganarta ba ta banza ba ce. Nomau ma ya san ba ta banza ba ce. Kwanaki ya yi yana kai da kawo. Ya ce a ransa: in na shuka na mayar masa da kaka, ai ban ci nasa ba. Sai wata zuciyar ta ce: shi kuma bana me zai shuka? Ka ba shi dami da kaka, bayan ka cinye masa damina? Ya ce: to in raba biyu, in kai masa rabi. Sai ta ce: wa ya ba ka rabin da za ka riƙe? Ya ce: in na kai, ai na kai shaida ke nan cewa gidanmu na cikin waɗanda suka yi ɓarna, sulhun nan da ƙyar yake tsaye, in ya rushe a kaina fa? Wannan ita ce ta fi hana shi sukuni. Domin riƙewa zalunci ne, mayarwa kuma tana iya jawo jini. Kullum da la'asar hadari na ƙara matsowa, iska na kawo ƙanshin ruwan da aka yi a wani wuri.

Ranar da ya ga tururuwa sun fara kwashe ƙwansu zuwa tudu, ya san lokaci ya ƙare. Ya juye zangarniyar a buhu, ya ɗora a ka.

Jatau ya tare shi a ƙofa. "Yaya, kashe ni za ka sa a yi."

"Ba zan ambaci sunanka ba."

"To tsoron Allah za mu tuƙa mu ci da damina? Da wace miya?"

"Matsa, Jatau."

Tabawa ba ta fito ba. Daga cikin bukka ta ce, "In sun tsare ka, kada ka ce ban faɗa ba."

Rafin ya bushe, yashi ne kawai, amma Nomau ya ce bai taɓa tsallake ruwa mai nauyinsa ba. Da ya hau gaɓar can, mata masu surfe suka tsayar da taɓarya. Samari da ke gyaran danga suka miƙe tsaye. Ya yi sallama, ba wanda ya amsa da ƙarfi. Suka bi shi a baya har ƙofar Barmo.

Tsohon na zaune a gindin bangon da ya rage masa. Ya rame, gemunsa ya yi fari fat. Ɗansa guda da ke riƙe masa gona yana cikin waɗanda aka rasa, aka bar shi da suruka da jikoki.

"Salamu alaikum, Baba."

Barmo ya daɗe yana dubansa. "Wa alaikumus salam. Nomau ne? Ka ɓata hanya?"

Nomau ya sauke buhun, ya kwance bakinsa, ya ja da baya. Tsohon ya leƙa. Ya ga baƙin zaren. Ya miƙa hannu kamar zai taɓa, sai ya janye ya sa a ƙarƙashin cinyarsa.

"Daga ina?"

"Daga gidanmu ta fito, Baba."

"Hannun wa?"

"Daga gidanmu ta fito."

Wani saurayi a baya ya ce, "Ku ji shi! Ya kawo mana ragowar wuta, yana jira mu ce an gode."

Barmo ya ɗaga wa saurayin hannu ya dakatar da shi. Sannan ya dubi Nomau ya ce, "Ranar da aka ɗauki wannan, ranar aka kashe mini ɗa, a bakin rumbun. Ka zo ka nuna mini cewa wanda ya tsaya a wurin yana shan ruwa a gidanku. Kana so in karɓa, in ce mun yi daidai?"

"Ban ce mun yi daidai ba, Baba. Taka ce kawai."

"Ɗauke ta. Ba na so. Wa zai shuka mini ita, ni da gwiwa ta ƙare? Kuma ka ji da kyau: ku da ni sai a gaban Allah. Ƙafata ba za ta sake taka rafin nan ba, ko gawar wa aka ce in zo in raka."

"Ba zan iya komawa da ita ba."

"To ka bar ta kaji su ci."

Nomau ya ɗaure bakin buhun, ya jingine shi a inuwa, ya juyo. Bayansa na ta yi masa ƙaiƙayi har ya sauka rafi, yana jiran jifa. Ba a jefe shi ba.

A daren nan ruwa ya sauka, ruwan shuka sosai, wanda ke jiƙa ƙasa har tsawon hannu. Da gari ya waye, ƙauyen Nomau tsit. Masu ɗan gero ko wake da suka roƙo wurin dangi suka fita da shi. Saura suka tsaya a bakin gonakinsu suna kallo. Nomau ma ya je tasa gonar ya tsaya. Ƙasa ta yi laushi, tana ƙanshi. Ya tuna buhun can jingine, ya tuna gonar tsohon da ba mai shiga. Ya ce a ransa: na hana 'ya'yana, kuma in bar ta ta lalace? Ashe na yi asara biyu.

Ya saɓi sungumi ya sake tsallakawa.

Buhun na inda ya bar shi, sai dai wani ya rufa masa tsohuwar tabarma saboda ruwa. Barmo na zaune a wurinsa na jiya.

"Baba, iri naka, gona taka. Hannu kawai zan ara maka."

"Ban aike ka ba."

"Ka hana ni?"

Tsohon ya juya fuska ga bango.

Ku da kuke noma kun sani, shuka aikin mutum biyu ne: ɗaya na gaba yana sara, ɗaya na baya yana zuba iri yana rufewa da diddige. Nomau shi kaɗai ne. Ya sussuke dawar a bakin gona, ya sari layi har ƙarshe, ya ajiye sungumi, ya dawo ya ɗauki ƙwarya ya bi layin. Rana na hawa, ƙasa na shan iska, yana sauri kada laima ta gudu. Ga samari a kan tudu suna kallonsa, ba su taya ba, ba su tafi ba. Duk sanda ya sunkuya sai ya ji kamar yanzu wani abu zai sauka a bayansa. Saboda tsoro da sauri, yana zuba iri fiye da ƙima bai sani ba. Sai da ya yi kwanaki yana zuwa kafin ya gama. Ba wanda ya ce masa sannu.

Sai kuma zama ya yi wuya a gida. Mutanen garinsu suka ce ya tona musu asiri. Aka riƙa jin ƙishin-ƙishin cewa samarin tsallake sun matsa wa Barmo ya kai ƙara, a fito da wanda ya shiga rumbunsa. Jatau ya daina gaishe da Nomau, in kare ya yi haushi sai ya zabura. In Nomau ya wuce majalisa sai wani ya ce, "Sarkin noman tsallake, yaya amfanin gona?" a yi dariya marar daɗi. Gonarsa ta cika da ciyawa. Tabawa ta soka 'yan ƙwayoyin kuɓewa da kabewa a bayan bukka, shi kuma ya shiga ƙwadago a gonakin waɗanda suka samu abin shukawa, a ba shi abin da za a dama da yamma. Ba ta ƙara yi masa gori ba, kuma shirun nata ya fi gorin ciwo. In ƙaramin ɗansu ya yi kukan yunwa, sai ta miƙa masa shi.

Kada ku zaci yana da tabbaci. Ba shi da shi. Yakan tsaya a gaɓar rafi ya hango dawar Barmo ta tsiro kore shar, ya ce, "Ya Allah, in kuskure na yi, kada Ka kama yaran nan da shi."

To, a nan zan tsaya in faɗa muku abin da ya sa na kawo labarin, tun kafin ku ji ƙarshensa. Domin in na bari sai kun ji ƙarshe, za ku ce ai don ya san abin da zai biyo baya ne. Bai sani ba. Mutum ya mayar da haƙƙi lokacin da rumbunsa ke cike, wannan ba a jarraba shi ba tukuna. Jarrabawa ita ce ka mayar alhali kai ne mafi buƙata, wanda ka mayar wa bai gode ba, naka kuma suna ganin ka ci amanarsu. Kuma gari ba ya komawa gari don manya sun haɗa hannu a gaban jama'a. Yana komawa ne ranar da wani ya fito da abin da ya binne.

Mu nan da muke zaune, mun ga tashin hankali, ba labari aka ba mu ba. Mun dawo, muna gyara gonaki. Ina tambayar ku, ina tambayar kaina: me ke binne a kangonmu? Wani akuya ce ta shigo garkensa a lokacin gudu, ta haihu, ta sake haihuwa, ya san mai ita. Wani garma ce. Wani iyakar gona ce ya matsar da taku biyu da ya ga maƙwabci bai dawo ba. Kana cewa ai su ma sun yi mana. Wanda ya yi maka daban, wanda ka riƙe wa daban. Ka mayar. Ko ba a karɓa da fara'a ba, ka mayar. Ban yi muku alkawarin za ku ƙoshi bana ba, wannan ba a hannuna yake ba.

Yanzu ku ji yadda aka ƙare.

Bayan an yi noman farko, aka kwana ana ruwa, rafi ya kawo har gwiwa. Da hantsi sai wata mata ta shigo gari da gudu, ta yar da tulunta, tana cewa ga mutanen tsallake nan sun taru a mashigi. Gari ya ruɗe. Mata suka tattara yara. Maza suka ɗauko abin da ya samu. Jatau ya faɗa bayan danga ya lafe. Nomau ya ce a ransa, shi ke nan, abin da na jawo ya iso. Ya fita ba komai a hannunsa, ya riga kowa zuwa bakin ruwa, don in za a fara a fara da shi.

A gaɓar can ga samari tsaye. A gabansu ga Barmo, ya dogara sanda, da wani ƙaton ɗauri kore a kansa, saiwoyi na ɗigar da laka a kafaɗarsa.

"Nomau!" ya ɗaga murya saboda ƙarar ruwa. "Wa ya koya maka shuka?"

Nomau ya ce, "Baba?"

"Ka cika rami da iri kamar mai zuba wa kaji! Duk sun fito sun cushe, suna shaƙe juna. Sai da na sa aka yi cira ina tsaye a kai, gwiwata har yanzu ba ta yafe maka ba. Ga abin da aka cire. Ko akuya ba a ba wa, kashe ta zai yi. In zubar?"

Sai a lokacin Nomau ya gane abin da ke kan tsohon. Dashe ne. 'Ya'yan dawar nan ne da aka rage, waɗanda in an kafa su a jiƙaƙƙiyar ƙasa yau-yau za su kama.

"Akwai saura a gona, tuli guda," in ji Barmo. "Duk mai ƙafa a garinku ya je ya ɗiba. Ban ce ban da kowa ba. Kuma ban sake tambayarka sunan kowa ba, kada ka faɗa mini."

Nomau ya fara naɗe wando. "Tsaya nan, Baba, in zo in karɓa. Ruwan na da ƙarfi."

"Tsaya inda kake. Mutumin da bai iya shuka ba, shi zan bar wa dashe? Sai na ga ramin da idona."

Wani saurayi ya kama hannun Barmo yana cewa, "Baba, ai ka ce ƙafarka ba za ta sake..." Tsohon ya fizge. Ya gyara ɗaurin a kansa, ya soka sandarsa a cikin ruwan, ya ce bismillahi, ya sa ƙafa.